Kafaɗar Da Na Bayar Don Kofi Na Biyar

Ina da shekara ashirin da huɗu na zo Madina daga ƙasar Katsina, ban iya komai ba sai gyaran na'urar sanyaya mota. Wani kamfanin manyan motocin ɗaukar alhazai ne ya kawo ni, garejinsu yana can bayan Bi'ir Ali. Aikina in hau rufin bas in kwance mukayyif, wato na'urar sanyin, in wanke in mayar, wani lokacin kuma in shiga ciki in wuni hannuwana a sama ina ɗaure bututu. Ƙarfi nake ji da shi a lokacin, ga son a yabe ni, wanda shi ne ya kai ni inda nake yau. Edita, ba zan ambaci sunan kowa ba. Ba don sun cancanci a rufa musu asiri ba, sai don har yanzu a garin nan nake cin abinci.

A garejin akwai wani dattijo bakanike ɗan Pakistan, mu 'yan Afirka muna ce masa Baba. Wata rana ya ga na jefa wa abokin aikina gorar ruwa daga ƙofar gareji har kan rufin mota, ta sauka a hannunsa daidai. Baba ya ajiye sifanarsa ya zo ya ce in sake. Na sake. Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga shi da wata ƙwallo fara mai tauri kamar dutse, da gora, da tsohuwar safar hannu ta fata. Ya ce sunan wasan besbol, ya buga shi a ƙasarsu yana saurayi. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiya ya yi jifa, wani ya yi ƙoƙarin dukan ƙwallon da gora, in ya kasa sau uku ya fita. Ya ce a wasan nan mai jifa shi ne rabin ƙungiya, kuma Allah ya ba ni hannun da shi bai taɓa samu ba.

Haka ƙungiyarmu ta fara, kuma ina so a rubuta wannan don babu inda aka rubuta shi. Filin da shugabannin ƙungiyar suke taƙama da shi yanzu, mu muka share shi da hannunmu. Baƙaƙen duwatsun nan na Madina masu yanka tafin hannu ne cike da wurin, muka yi ta kwasarsu a baro bayan an tashi dawam, wato aiki, mu da 'yan Pakistan da 'yan Indonesiya da wani Basudane direba. Tsofaffin kujerun bas muka yanka muka yi alamomin da ake takawa. Shekarunmu na farko a gasar da ake yi tsakanin ƙungiyoyin ma'aikata na Madina da Yanbu da Jidda, kashi kawai muke sha. Mu je a motar gareji, a lallasa mu, mu dawo muna dariya. Baba bai taɓa barina in wuce ƙima a jifa ba. Da ya ga hannuna ya fara sauka sai ya fitar da ni, ko da kuwa za mu faɗi. Ina jin haushinsa a kan haka, har nakan yi kwanaki ba na gaishe shi da kyau.

Shekarar da muka fara ɗaukar kofi, a nan masu kamfani suka tuna da mu. Suka naɗa mana mudir, wato manaja, wani ɗan ƙasa haifaffen unguwar Jurf a nan Madina, wanda kakansa ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna. Gaskiya ya kawo gyara. Aka yi mana riguna masu lamba, aka shimfiɗa ciyawa, aka rage mana lokacin aiki, aka sa mana albashin wasa a kan na gareji. Muka tashi daga leburori masu wasan Juma'a muka zama 'yan wasa sosai, har ana ɗauko wasu daga waje don wasan kawai. Da kowa Larabci yake yi, amma in ya zo gare ni sai ya juya Hausa, irin Hausarsu mai gauraye, ya dafa ni ya ce ƙanena. Ni kuma in ce masa Yaya. Wanda bai yi zaman ƙasar wani ba ba zai gane abin da wannan kalma take yi wa zuciya ba. Na ɗauka na sami ɗan'uwa mai ƙarfi a garin da ba ni da kowa.

Muka ɗauki kofi na biyu, da na uku, da na huɗu, a jere. Ƙungiyoyin da a da suke mana dariya suka koma fargabar haɗuwa da mu. In na hau tudun jifa, 'yan Hausa na Jurf da Ƙuba da ba su ma san dokar wasan ba suna cika gefen fili, yaran da aka haifa a nan suna kiran lambata da Larabci. Duk wasan ƙarshe ni nake jifa tun daga farko har a tashi, domin mudir ya hana Baba fitar da ni. Baba ya yi magana, ya sake yi, aka ce tsufa ne yake damunsa.

A shekarar neman kofi na biyar kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Da farko sai bayan wasa, daga baya ko riga zan sa sai na cije leɓe. Na ɓoye, amma Baba ya gane daga yadda nake sakin ƙwallo. Ya kira ni bayan wata mota ya matsa wurin da yatsa, na kusa durƙushewa. Ya ce in ajiye wasa na shekara guda in je asibiti a ɗauki hoto, in ba haka ba hannun nan ba zai kai ni tsufa ba. Ya je ya faɗa wa mudir haka a gaban mutane. A makon nan aka cire shi daga koci, aka mayar da shi ramin duba ƙasan mota, aka ɗauko wani da ba ya musu.

Sai mudir ya gayyace ni gidansu a Jurf cin abincin rana. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Mahaifiyarsa ta yi tuwo da miyar kuka, ta gaishe ni daga bayan labule ta sa mini albarka. Bayan mun ci ya fara. Ya ce ba a taɓa yin ƙungiyar da ta ɗauki biyar a jere ba, in muka yi sunanmu ya zauna har abada. Ya ce mutanen garin nan suna raina irinmu, ni ne na ɗaga musu kai. Ya ce akwai allurar da duk manyan 'yan wasan duniya suke yi, ciwon zai ɗauke, bayan gasa shi da kansa zai kai ni wurin babban likita. Abin da ya faɗa a ƙarshe shi ne har yau yake ƙona mini rai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, kai ba ma'aikaci ba ne a wurina, jinina ne kai. Zan cuce ka ne?" Na ce a'a, Yaya. Na yarda.

Kafin kowane wasa wani mutum yakan zo da jaka ya soka mini allura a kafaɗa a cikin motar mudir. Ban taɓa tambayar ko likita ne ba. Hannun sai ya mutu, in yi ta jifa ba na jin komai, washegari kuwa ko cokali ba na iya ɗagawa. Baba ya tare ni a masallacin gareji ya roƙe ni, har idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa baƙin ciki yake yi don an karɓe masa ƙungiya. Da bakina na faɗa wa mutumin da ya koya mini riƙe ƙwallo wannan magana. Ya ɗauki takalminsa ya fita.

A Yanbu aka yi wasan ƙarshe. Ana dab da tashi na yi wani jifa na ji abu ya tsinke a cikin kafaɗar, ba ciwo ba, ƙara ce na ji a cikin jikina kamar an yaga sabon yadi. Na dubi benci. Kocin ya dubi mudir, mudir ya ɗaga mini yatsa biyu, wato saura mutum biyu. Na fitar da su, ban san yadda aka yi ba. Muka ɗauki kofi na biyar. Aka ɗaga ni sama ana ihu, hannuna yana reto kamar ba nawa ba, mudir kuma yana can gaban masu hoto ya rungume kofin.

Babban likitan da aka yi mini alkawari ban gan shi ba. Da kaina na je asibiti bayan na gaji da jiran gobe. Likitan ya duba hoton ya tambaye ni wane ne ya bar ni ina jifa da wannan. Ya ce jijiyar ta daɗe da fara yagewa, da na zo da wuri da hutu da gashi sun isa, amma allurar ta rufe ciwon na ƙarasa ta. An yi aiki, an ɗinke abin da ya ɗinku. Har yau hannuna na dama ba ya wuce ƙirjina. Mudir ya zo duba ni sau ɗaya da kwalin dabino. Da na sake kiransa, da Larabci ya amsa. Na yi masa Hausa, ya mayar mini da Larabci, ya ce in bi ta ofis. Tun daga ranar bai sake yi mini Hausa ba. Mai gyaran mukayyif da ba ya iya ɗaga hannu ba shi da amfani a gareji, don haka suka sallame ni cikin ladabi. Wani Bazazzagi mai shagon dabino a Ƙuba ne ya tausaya ya karɓi iƙamata, wato takardar izinin zamana, yanzu a wurinsa nake, ina auna dabino da hagu.

Da ƙungiya ta cika shekara goma suka yi biki a wani babban zaure, wani tsohon abokin wasa ya ja ni muka je. Aka kashe fitila aka haska fim ɗin tarihin ƙungiya. Edita, tarihin ya fara ne daga ranar da aka naɗa mudir. Babu duwatsun da muka kwashe, babu shekarun da muka sha kashi, babu Baba ko da a kusurwar hoto. Kofuna biyar suka wuce ɗaya bayan ɗaya, mai bayani yana cewa hangen nesan shugabanci ne ya kawo su. Ni an nuna ni sau ɗaya, ta baya, lambar rigata kawai, lambar da yanzu wani ne yake sanye da ita. Da aka kunna fitila na tashi na nufi mudir. Na tambaye shi da Hausa, da ƙarfi yadda 'yan'uwansa za su ji, ina sunan da ya ce zai zauna har abada. Ya yi murmushi ya gyara mayafin kansa, ya ce da Larabci ƙungiya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma babu wanda ya tilasta ni. Masu gadi biyu suka raka ni waje. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Ba a ɗaure ni aka yi mini allurar ba. Ni na miƙa kafaɗar.

Daga zauren ban koma ɗaki ba, gareji na wuce na nemi Baba na roƙi gafararsa. Ya ce ya daɗe da yafewa, fushinsa ɗaya da kansa ne, da ya koya mini jifa bai koya mini cewa a'a ba. Bara Allah ya yi masa rasuwa a nan Madina. Aka sallace shi a Harami, aka ɗauko shi za a kai maƙabartar Baƙi'a. Daga shugabannin ƙungiya ko mutum ɗaya bai zo ba. Na kutsa cikin jama'a na sami gefen makara, na kai hannu zan ɗora ta a kafaɗa, hannun ya ƙi tashi. Na gwada da hagu, turereniyar mutane ta bugi ta damar, na saki don dole. Wasu baƙi da ba su taɓa saninsa ba su suka ɗauke shi, ni ina biye a baya ina kuka kamar yaro. Ban taɓa tsanar kofin nan kamar ranar ba.

Na yi shekaru ina neman wanda zan ɗora wa laifin duka, na ga ba zai tafi wuri ɗaya ba. Na mudir yana nan, kuma ban yafe ba tukuna, ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa na yafe ba. Amma na koyi cewa wanda yake so na da gaske shi ne wanda ya yarda mu faɗi wasa don in tsira da hannuna, na kira shi maƙiyi, na bi wanda ya ba ni tuwo. Ina kira ga matasanmu da suke wasa a ƙasar nan da ko'ina, ƙwallon ƙafa ne ko dambe ko wani abu: ciwo ba rauni ba ne na zuciya, saƙo ne daga jikinka, kada ka bar kowa ya rufe masa baki da allura. Wanda ya tuna yarenku ɗaya sai ranar da yake buƙatarka, ka saurare shi da kunne biyu. Kuma in an ce maka za ka shiga tarihi, ka fara tambaya wa zai rubuta shi. Ƙungiya za ta sami wani mai jifan kafin rauninka ya warke. Kai kuwa hannun da ka zo da shi daga gida, da shi za ka koma.