Na Kai Baba Kallon Kifi a Swanage

Daga Thamesmead zuwa Waterloo

Gari bai gama wayewa ba muka fito daga gida, ni da mahaifina. Muna idar da sallar asuba maiɗakina Rabi ta cusa mana dambun nama da shayi a jaka, tana ta jaddada mini in kula da Baba, kamar wanda zai kai jariri rigakafi.

Baba masunci ne, a bakin kogin Yauri aka haife shi, a nan kuma ya tsufa. Yanar ido ce ta kawo shi London. An yi masa aiki a wani asibiti a Camberwell, ido ya buɗe tar, har likita ya ba shi izinin shiga ruwa. Wata rana ya ga ana nuna mutane a talabijin sun kifa fuska a teku suna kallon kifi, sai ya ce, "Sani, ni duk kifin da na taɓa gani, ko a cikin komar su, ko a tukunya. Ban taɓa ganinsa a gidansa ba." Ruwan Yauri ja ne, da hannu ake lalube a cikinsa. Ranar Asabar mai zuwa zai koma gida, kuma a shekarunsa ban san ko zai sake zuwa ba. Shi ya sa na ɗauki hutun kwana biyu a wurin aiki don in kai shi Swanage, wani gari a bakin teku.

Bas ta kai mu tashar Abbey Wood, daga nan muka yi ta canjin jirgin ƙasa har Waterloo. Da muka zauna a babban jirgi Baba ya tambaye ni ko mutanen tashar nan duk gudun gobara suke yi.

Wareham

Wajen hantsi muka sauka Wareham, muka hau bas mai bene. Direban wani jan Bature ne mai ƙaton wuya, ya dubi babbar rigar Baba ya tambaya ko biki za mu. Na ce iyo za mu. Ya yi dariya ya ce gobe da rana iska za ta taso, in za mu yi mu yi da wuri.

Baba ya dage sai mun hau sama. Muka ratsa gonaki da tumaki masu ƙiba, muka wuce wani rusasshen gini a kan tudu. Da teku ta bayyana daga nesa ya dafa kujerar gaba ya miƙa wuya.

"Ina ɗaya gaɓar?" in ji shi.

"Faransa, Baba."

"To, Allah ya kyauta."

Swanage, ranar farko

Masaukinmu gidan wata dattijuwa ce wadda ke ba baƙi ɗaki da karin kumallo. Na faɗa mata ba ma cin alade, ta ce ai tun da na kama ɗakin ta lura da sunana, ƙwai da wake ta tanada. Ita ta kwatanta mana wani ɗan lungu a bakin teku, bayan duwatsu, inda ruwa yake kwance kuma babu cunkoso.

A wani shago muka yi hayar kaya: rigar roba mai matse jiki saboda sanyi, gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun da ake kamawa a baki a yi numfashi. Kuɗin hayar bai yi mini daɗi ba, amma na haɗiye. Shigar da Baba cikin rigar nan aiki ne sosai. Ya ce ko akuyar da aka ɗaure za a kai kasuwa ta fi shi walwala.

Bayan azahar muka shiga. Sanyin ruwan ya sa na yi salati da ƙarfi, shi kuwa ko a jikinsa. Na nuna masa yadda zai ciji bututun, ya kwanta a kan ruwa ya kifa fuska. Iyonsa ya ba ni sha'awa, tsoho amma ko fantsama babu. Ni ma na kifa tawa, na ga ciyayi suna rausaya, ga ƙananan kifaye suna giftawa.

Da muka ɗago na ce, "Baba, ka gani?"

"Ban ga komai ba. Duhu ne kawai, kamar namu."

Na goge masa gilashin, ya sake. Na ba shi nawa, ya sake. Duk ɗaya. Can ya cire ya miƙo mini, ya ce ƙila idon da suka sa masa na tudu ne, ba ya aiki a ruwa. Da wasa ya faɗa, amma na san Baba. Kifi da dankalin da na saya mana da yamma tsakura kawai ya yi, ya ce gobe mu kama hanya da wuri kada mu ɓata kuɗin mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ɗora wa laifi.

Rana ta biyu

Da safe na roƙe shi mu gwada sau ɗaya kafin iska. Ya yarda don kada ya kunyata ni. Ruwa ya janye, duwatsu sun fito, babu kowa sai wata mata da karenta.

Wannan karon ban kalli kifi ba, nutsewa na yi ƙarƙashinsa na dubi fuskarsa. Idanun Baba a runtse suke gam a bayan gilashin, kuma ko numfashi ba ya yi ta bututun, ya riƙe shi a ƙirji. Dariya ta kama ni har na sha ruwan gishiri.

"Baba, ai idonka a rufe yake!"

"Wane ni? A buɗe yake."

"Wallahi a rufe yake, na gani."

Can sai ya gane. Tun yana yaro, fuskarsa na taɓa ruwa ido ke rufewa da kansa saboda yashi da laka, har ya daina sanin yana yi. Muka sake gwadawa, ido ya sake rufewa. Sai na tsayar da shi inda ruwa ya kai ƙugu, na ɗaga yatsana a gabansa.

"Ka kalli yatsan nan, kada ka rabu da shi. Ka yi ta numfashi kamar kana kan tabarma."

Na riƙa sauke hannuna a hankali, yana binsa da kai, har gilashin ya nutse. Na ji numfashinsa yana fita ta bututun, fuu, fuu. Sai na janye yatsan.

Wani kifi mai zanen kore da ruwan ƙasa, tsawonsa kamar tafin hannu biyu, yana tsaye a bakin ramin dutse. Bai gudu ba. Hannun Baba ya zabura zai cafke shi, sai ya tsaya a hanya, ya mayar da shi bayansa. Daga nan ya saki ƙafa ya bi gefen duwatsun, ni ina biye da shi. Ya daɗe a kan wata kaguwa. Ya daɗe a kan garken 'yan kifaye masu walƙiya da suke juyawa tare. Haƙorana suna ta kaɗawa don sanyi, amma ban iya ce masa mu fita ba.

Sai da ruwa ya fara gurɓacewa da iska ya fito. Ya zauna a kan dutse, na lulluɓa masa tawul, na zuba masa shayi. Gilashin ya bar masa shaida a goshi.

"Sani," in ji shi, "wancan mai koren ya tsaya yana kallona ido cikin ido. Ashe duk shekarun nan da nake lalube, su suna ganina."

Hawaye suka cika mini ido.

Komawa

Muka mayar da kayan haya, muka yi wa dattijuwar godiya, bas ta kai mu Wareham. A jirgi Baba ya yi barci tun kafin mu yi nisa, gishiri ya bushe fari a gemunsa. Ana kiran magariba a wayata muka shiga Thamesmead. Rabi ta buɗe ƙofa tana tambaya ina tsarabar kifi, Baba ya ce mata ziyara muka kai musu, ba a kama mai gida.

Ranar Asabar na raka shi filin jirgi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya kuma ara mini Baba har na ga wannan rana.