Ɗan Farin Mai Nono

Shekarar da aka hana Fulani cin kasuwa a wajenmu, ni na riga na aje rezar ungozoma. Ido ya fara hazo, hannu na rawa, sai in haihuwa ta yi gardama ake zuwa a ɗauke ni kan babur. Amma duk ƙauyukan da ke tsakanin Birchi da Kurfi, in ka tara mazan da gemunsu bai yi fari ba, rabinsu ni na yanke masu cibi, na gari da na ruga. Ban taɓa tambayar mai naƙuda yarenta ba.

A damunar nan ne 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke gabas da mu, suka kore shanun huɗa, suka bar gawa a bakin rijiya. Samarinmu suka yi ƙungiyar sa kai, suka ɗaura layu, suka saɓa bindigogin toka. Akwai wani tsohon ɗakin ajiyar taki a bayan gari mai ƙofar ƙarfe, nan suke kai wanda suka kama. Kowa ya san lissafin ɗakin: kwana uku. Bayan kwana uku ba a sake ganin mutum, ba a tambaya, ba a kuma zuwa gaisuwa.

Wata safiya mai nonona ta shigo. Bafillatana ce daga rugar da ke bayan fadama, shekara da shekaru ita ke kawo mani nono in dama fura. Ta sauke ƙwarya, na ɗaga faifai, babu komai ciki. Ta zauna ta gaishe ni, ta tambayi jikokina, ta yi maganar ruwan jiya. Sai da ta miƙe kamar za ta tafi ta ce, tana kallon bango, "Inna, mutumin nan naki bai dawo daga shayar da shanu ba."

Na gane. Ɗanta na fari take nufi, saurayi mai shekara ashirin, wanda na karɓi haihuwarshi a bukka. Na ce, "Yana hannun 'yan sa kai?" Ta ce, "Haka yara suka ce." Ko muryarta ba ta motsa ba.

Kafin wannan, wasu mutane sun taɓa zuwa daga Dutsin-Ma, 'yan wata ƙungiya ta neman zaman lafiya da kare haƙƙin mutane. Ba gwamnati ta aiko su ba, ba a kuma biyansu. Sun tara mu gindin tsamiya suka ce ko ɓarawo ne a kai shi gaban alƙali. Maza suka yi ta dariya, wani ya ce su zo su kwana garin su gani. Wata malamar makaranta a cikinsu ta bar lambar waya wurin maƙwabciyata. Ranar nan na sa aka kira ta. Ta ce sai gobe za su samu mota. Kwana ɗaya ya tafi.

Da hantsi suka iso, malamar da wani lauya siriri mai tabarau. Na shimfiɗa masu tabarma a zaure, mai nono na rakuɓe a lungu. Lauya ya fito da takarda ya ce aikinsu ba ya tafiya sai wani na jiki ya kawo ƙorafi da bakinshi. Ya juya wurinta.

"Baiwar Allah, ɗanki ne aka kama?"

Ta sunkuyar da kai.

"Mene ne sunanshi?"

Ta ja mayafi ta rufe baki.

Malama ta matsa kusa da ita ta ce, "Gwaggo, kada ki ji tsoro, ba wanda zai taɓa ki. Faɗi sunan kawai." Ta yi ta lallashi, mai nono na tsintar zaren tabarma. Can na ji lauya ya ce wa malama ƙasa-ƙasa, "Uwa ko hawaye babu, ta ƙi sunanshi. Anya ba ta san wani abu a kanshi ba? Kada mu tsaya wa mai laifi." Ya fara naɗe takarda.

Kunnena bai tsufa kamar idona ba. Na ce, "Kai, ɗan nan, a asibiti aka haife ka ko? Kai ne na nawa wurin uwarka?"

Ya ce na huɗu.

"Shi ya sa. Je ka tambaye ta sunan babban wanku ka ga in za ta faɗa. Ɗan fari ne! Mu Hausawa ma muna kunyarshi, balle su. Matar nan ko goyonshi ba ta yi gaban mutane ba, kakarshi ta raine shi. Yau don ka zo da biro sai ta kira shi? Ko yanka shi ake gabanta ba za ta yi kuka kana kallo ba. Kwana biyu ke nan ba ta kai loma baki ba."

Malama ta rufe fuska da hannu ta ce, "Wallahi na sani, Inna, a gidanmu ma haka ne. Takardar ce ta mantar da ni."

Lauya ya ce to ai dole wani ya tsaya. Na ce ga ni. Na faɗi sunan yaron, na faɗi na ubanshi, na faɗi wurin da na binne mahaifarshi, gindin wata kanya a bakin fadama. Na ce in a ƙasar nan akwai ɗan gida, to shi ne. Malama ta riƙe hannuna kafin in dangwala. Ta ce, "Inna, gabansu za a karanta takardar nan, da sunanki a ciki. Mu za mu koma Dutsin-Ma, ke nan za ki zauna." Na ce ta kawo tawadar.

Muka taka zuwa ɗakin taki, ni da sandata a gaba. Mai nono ba ta bi mu ba. Mata na leƙe ta katanga, ba wadda ta ce sannu. A bakin ɗakin samari na zaune kan benci, shugabansu a tsaye, ƙato, ƙanen wanda aka kashe a bakin rijiya.

Ya ce, "Inna, koma gida. Nan ba ɗakin haihuwa ba ne."

Na ce, "Kai ke korata? Kai da ka zo duniya ta ƙafa, shuɗi kamar an tsoma ka a baban marina, sai da na hura maka hanci ka yi atishawa?"

Yaranshi suka fashe da dariya. Ya waiwaya, dariyar ta mutu. Lauya ya karanta takarda, bai tsallake komai ba. Ya ce sun biya ta ofishin 'yan sanda a Kurfi kafin su ƙaraso, an san akwai mutum a ɗakin nan, an san yana da rai, kuma mota na hanya. In yana da laifi alƙali zai faɗa.

Shugaban ya juyo wurina. Ya ce, "Wana da aka kashe, shi ma ke kika yanke mashi cibi."

Na ce, "Ni ce. Ni kuma na yi wa uwarku zaman makoki. Yaron nan da kuka kulle, ka gan shi da idonka a cikin 'yan bindigar?"

Ya kau da kai. Ya jefa makulli ƙasa, ya matso har ina jin warin hayaƙin bindiga a rigarshi, ya ce a hankali, "In aka sake shigowa ƙasar nan, Inna, ke za mu tambaya."

Aka fito da yaron. Ba ya iya taka ƙafa, hannuwanshi sun kumbura saboda ɗauri. 'Yan sanda suka tafi da shi. Malama da lauya suka yi ta sintiri a kanshi, suka kai shi asibiti, har hukuma ta ce ba a same shi da laifin komai ba. Bayan mako biyu suka sauke shi a zaurena.

Uwar na nan. Ba ta dube shi ba. Ta tashi ta ɗebo ruwa ta aje a tsakiyar tabarma, inda hannunshi zai kai, ta koma lungunta ta juya baya. Kafaɗunta kawai na ga suna motsi.

Na ce mashi, "Sannu, ɗan nan. Allah ya kiyaye gaba." Yaron da ke durƙusawa tun daga ƙofa in ya gan ni, ranar nan ko rusunawa bai yi ba. Yatsunshi biyu sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Ya zauna yana kallon hanyar ɗakin taki ta ƙofar zaure, ko ƙiftawa babu. Malama ta ce mashi in ya warke suna so ya zo zaman sulhu da za su haɗa, ya faɗi abin da aka yi mashi gaban manya. Ya ce, "Na san fuskokinsu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ranar zaman sulhun malama ta zo ɗaukarshi, muka tafi rugar tare. Bukkoki na tsaye, turaku babu shanu, toka ta yi sanyi a murhu. Wani mai noma a fadama ya ce uwar da tsofaffi sun bi hanyar kudu da dabbobi. Na ce saurayin fa? Ya ɗaga fartanya ya nuna yamma, wajen dajin da 'yan bindiga ke zaune, ya ci gaba da nomanshi.