Ranar da na taɓa ɗankwalina

Jiya jikata ta yar da cokali cikin tasa, ƙarar ta daɗe tana kaɗawa kafin ta mutu. Sai na ji gabana ya faɗi. Ku yi haƙuri da tsohuwa, zan faɗa muku dalili, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A wani ƙauye kusa da Gangara muka tashi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ƙanena yana da ciwon kunne mai zubar da mugunya. Kakarmu takan narka man shanu ta ɗiga masa, ta goge da gashin kaza, ƙudaje kuwa ba su rabuwa da shi. Jinsa ya fara raguwa, ni kuma na zama kunnensa. In Baba ya kira shi daga gona, sai in taɓa ɗankwalina, ya zabura ya amsa. Babu wanda ya koya mana wannan, kuma babu wanda ya lura.

Da kaka, an gama yankan gero ana ɗaurin dammuna, sai ga mota ta tsaya a gindin aduwar lakwal, wato makarantar boko. Mushe, malamin lakwal ɗin, ya ce likitocin kunne ne, suna yawo gari gari suna binciken ciwon kunnen yara, suna kuma koya wa ma'aikatan asibitin Tanout yadda ake duba shi. Wanda aka samu da ciwo za a kai shi Damagaram a yi masa magani. A bakin rijiya kuwa labarin ya juye, mata suka ce yanke kunnen ake yi. Kakarmu ta ƙi cin tuwo, ta ce in aka tafi da yaron nan ba za ta sake ganinsa ba.

Yara sun yi yawa, don haka likitan ba ya leƙa kunnen kowa. Yakan tsaya bayan yaro da wani ƙarfe mai baki biyu, ya buga shi a gwiwarsa, ya kai shi kusa da kunne ƙararsa tana kaɗawa. In yaro ya ji, ya ɗaga hannu. Wanda bai ɗaga ba, shi ake haska wa fitila a kunne, a rubuta sunansa.

Ni kuwa a lokacin ji nake duk ƙasarmu ta Damargu babu mai wayona. Na wanke wa ƙanena kunne tas, na ja shi bayan rumbu na ce, “Ka dube ni kawai. In na taɓa ɗankwali, ka ɗaga hannu.”

Na kutsa gaban taro na tsaya daidai idonsa. Likita ya buga, na taɓa, hannu ya tashi. Ya koma ɗaya kunnen, muka sake. Ya shafa kan ƙanena ya ce a kawo na gaba. Wallahi har rawa na taka a hanyar gida. Kakarmu ta ba ni fura da nono har na ƙoshi, ba ta san abin da na yi ba, ta ce Allah ne ya tsare.

'Yar maƙwabtanmu ba ta da yayar da za ta taimake ta. An rubuta sunanta, uwarta ta bi motar tana kuka. Kafin a gama sussuka sai ga ta ta dawo, kunnuwanta biyu a jikinta, a bushe, babu wari. Har ta tsufa tana jin motsin akuya a bayan danga.

Ƙanena kuwa, da damina ta zagayo ciwon ya tashi da zazzaɓi da kumburi a bayan kunne. Ya rayu, amma da ya miƙe ko tsawa ba ya ji. Aka cire shi daga lakwal aka ba shi kiwo. Kowa ya ce ƙaddara ce, na ce haka ne, na sunkuyar da kai. Kakarmu da Baba sun rasu ban faɗa musu ba. Kunya ce ta hana ni, da tsoro.

Jikar nan tawa ma'aikaciyar jinya ce yanzu. Ƙungiyar likitocin kunne takan tara su ta koya musu abin da bincike ya gano. Ta ce irin wannan ciwo, in an kama shi da wuri, sau da yawa ana cetar da jin. Ta ce an koya musu kada su bari wani na gida ya tsaya gaban yaro lokacin gwaji, wai don yara akwai wayo. Tana faɗa tana dariya. Ni ban yi ba.

Ƙanena yana nan gidana, gemunsa fari fat, bai taɓa nuna mini ya riƙe ni da komai ba. Ban ma san ko ya haɗa abin a ransa ba. Ɗazu aka kira sallar la'asar, yana zaune a tabarma yana kallona kamar kullum. Na taɓa ɗankwalina, ya ɗauki butarsa.