Gwajin da Glenn Ya Saba Faɗuwa da Gangan

A garinmu da ke yankin Yokshiya a ƙasar Turawa, tun da aka rufe ramin kwal, ruwan sama da wasan ƙwallon ragbi kaɗai suka rage mana. Glenn Sugden kuwa tun yana saurayi kowa ya san inda zai ƙare, don wuyansa ya fi cinyar wani kauri. Ɗan gaba ne, kuma aikin ɗan gaba ba gwaninta a ciki: a miƙa masa ƙwallo, ya afka cikin ƙarti uku, ya tashi, a sake miƙa masa. Ran Lahadi muna rera sunansa da soyayyen dankali a hannu. Ran Litinin matarsa Lorna ce ke ɗaure masa igiyar takalmi, don ciwon jiki ba ya barinsa sunkuyawa.

Shekarar da ya shiga babbar ƙungiya ya tarar ana gwajin ƙwaƙwalwa. Kafin a fara wasannin shekara, likita za ta gwada kowa yana lafiyarsa lau: ta faɗi kalmomi ka maimaita, ka jero watanni daga ƙarshe zuwa farko, ka tsaya da ƙafa ɗaya. In an buge ka a fili sai a sake gwada ka, in ka kasa kamo makin gwajin farkon, sai zaman benci. Wani tsohon ɗan gaba, Mal, ya ja Glenn bayan ƙofa.

"Kai yaro, kada ka je kana nuna mata kai ɗan boko ne. Yi mata wawa-wawa. Ran da suka kwankwatse ka, ka ga ba za a gane bambanci ba."

Haka Glenn ya yi. Ya bar kalma biyu da gangan, ya tsallake Satumba, ya yi ɗan tangaɗi. Abokai suka yi ta tsokanarsa, wai shi ai ba sai ya wahala wajen yin wawa ba. Dabara kuwa ta ci. Sau nawa aka fito da shi yana ganin fitilun fili bibbiyu, ya haye gwajin, ya koma ciki da gudu? Duk shekara haka. Mu kuma, kaico, muna tafi muna cewa ga namijin duniya.

Lorna ce ta fara lura cewa ya soma sauyawa. Yau makullin mota a firji, gobe ya je ɗauko 'yarsu ya tsaya a ƙofar makarantar da ta bari tun bara. Mutumin da ko kare bai taɓa daka wa tsawa ba, ga shi yana jifa da kofin shayi. Ta yi magana, ya ce gajiya ce. Ta sake yi, ya ce ita me ta sani a ragbi. Sai da ya je duba Mal a gidan jinya, Mal ya ƙura masa ido ya kira shi da sunan mahaifin Glenn ɗin, sannan Glenn ya gane inda abin ya dosa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a fili ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Da shekara ta zagayo, ya ƙudurta bana zai yi gwajin tsakani da Allah. Ba don ƙungiya ba. So yake ya ji daga bakin likita cewa kansa ƙalau yake, ya kai wa Lorna labari ta daina kallonsa da gefen ido. A mota ma sai da ya yi ta bitar watanni.

Ya zauna gaban likita ya ba da duk abin da yake da shi. Gumi har cikin kunne. Da ya gama, ta duba na bara, ta duba na bana, sai ta cire tabarau tana murmushi.

"Glenn, na daɗe ina zargin ku 'yan gaba kuna yi mini wasa da hankali. To bana kam ka zuba gishiri da yawa, ko na bara bai kai wannan muni ba. Mu sake, amma don Allah ka yi da gaske."

Ta taga Glenn yana hango Lorna cikin mota, tana jiransa.

"Likita," ya ce, "wallahi da gaske na yi."