Malam Illo, mutum ɗaya a kan mota biyu

Litinin da Alhamis, da hantsi, farar motar ɗaukar marasa lafiya takan tsaya a bakin lungunmu a Gawon Nama. Ba jiniya, don kada maƙwabta su ɗauka rasuwa aka yi. Malam Illo zai fito, ya yi sallama, ya duƙa ya goya mahaifina a baya, saboda lungun ya yi wa gadon turawa ƙunci. Haka yake kai shi wankin ƙoda ya dawo da shi, shekara huɗu ke nan. Ni ce ɗiyar da ke zama a gaba da jakar magani.

Asalin aikinsa kwana-kwana ne. Shekara ashirin da shida yana tuƙa jar motar kashe gobara, sai aka ƙara masa wannan. Da su uku ne direbobi. Mode ya gaji ya koma jigilar albasa, ɗayan kuma ciwon baya ya kwantar da shi. Sadiyatu, ma'aikaciyar jinya a ɗakin wankin, ta rantse mini cewa mutum bakwai yake kawo mata duk mako, kuma ba ta taɓa jiran wani nasa ya wuce lokaci ba.

To, ni fa tsoro ne ya sa na ɗauki biro. A watan Afrilu, ana tsananin zafi, mun taso daga asibiti bayan azahar, Baba na kwance a baya. Sai na ga motar na sulalewa gefen titi a hankali. Na waiwaya, wallahi idanun Malam Illo a rufe suke. Na ƙwala ihu, wani ɗan kabu-kabu a kan babur ya kauce da ƙyar yana zagi. Malam Illo ya taka birki, ya fita, ya zuba ruwan gora a kansa, ya daɗe tsaye yana dafe da ƙofa. Da ya dawo bai ɓoye mini komai ba. Tun jiya da safe yake wurin gobarar wani shagon katako, daga can ya sauya mota ya zo ƙofarmu, ko gida bai leƙa ba. Sannan ya ce, "Ɗiyata, in muna bisa hanya, kak ki yi shiru. Ki ta yi min magana, ko mi ta zo miki."

Tun ranar nake surutu kamar rediyo. Na ba shi labarin ɗalibaina, da tsadar tumatir, da rigimar maƙwabta, har na rasa abin faɗi na koma ƙirga masa sunayen unguwanni. Bakina na magana, idona na kan fatar idonsa.

Na roƙe shi ya huta ko da Alhamis ɗaya ce. Ya tambaye ni wa zai kai Baba. Ni kuwa na san yadda jikin Baba ke kumbura idan wanki ɗaya ya wuce shi.

Malam Illo, kai ne namijin da ya shiga wuta da yamma, ya goyi tsoho da safe. Kai ne ba ka taɓa yamutsa fuska ba ko da mara lafiya ya ɓata maka riga. Na gode, Allah Ya saka maka da Aljanna. Amma ba godiya kaɗai kake bukata ba, mai karɓarka kake bukata. Ku matasa masu lasin tuƙi da ke zaune gindin itacen bedi, ku je ku koyi aikin nan a hannunsa tun yana iya koyarwa. Masu ikon ɗaukar ma'aikata, ku ba shi mutum biyu, ku bar shi ya yi barci.

Makon jiya na ga sau uku yana gwada sa makulli kafin ya shiga. Gobe Litinin ce. Ina addu'a ya zo, kuma ina tsoron ya zo.