Kantar Jan Biro

Mahaifina bai taɓa rubuta littafi ba, amma shekara talatin da huɗu ya yi yana gyara na mutane. A maɗaba'a ya yi aiki, cikin wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan injina, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji tarin na kusa da shi. Aikinsa duba kuskure. Kafin a buga littafi sai an kawo masa shafukan, ya ɗora rula a ƙarƙashin layi, ya bi shi harafi harafi, sannan ya ja rular ƙasa. Sau uku yake karanta kowane littafi. Na farko don ma'ana, na biyu don haruffa, na uku kuma daga layin ƙarshe yake farawa ya yo baya, wai don kada daɗin zance ya ɗauke masa ido. Abokan aikinsa Jan Biro suke ce masa, har sunan ya biyo shi gida. Mama ma da shi take kiransa idan ya ɓata mata rai.

Halin bai tsaya a wurin aiki ba. In muna tafiya ya hangi allon shago da kuskure, sai ya shiga ya faɗa wa mai shagon, mu kuwa muna waje kunya kamar mu nutse. Yayana ya taɓa aiko wasiƙa daga makarantar kwana yana kukan yunwa. Baba ya aika masa da abincin, ya haɗa da wasiƙar, ta sha jan zane wuri bakwai.

Duk littafin da ya duba, maɗaba'ar tana ba shi kwafi ɗaya. Da suka fi ƙarfin akwati sai ya sa kafinta ya haɗa masa kanta mai hawa biyar, daga ƙofar falo har bakin taga. Ba littattafan burgewa ba ne. Lissafin aji huɗu, kiwon kaji, gyaran famfo, dokokin tuƙi, renon jariri. Kusan duk tsayinsu ɗaya, domin girma biyu kawai injin maɗaba'ar ya sani. Bai jera su bisa darasi ba, bai jera su bisa haruffa ba. Yadda suka zo hannunsa haka ya ajiye su, na farkon aikinsa a sama ta hagu, na ranar ritayarsa a ƙasa ta dama. Da su yake tuna komai na gidanmu.

"Ke a littafin kiwon zuma aka haife ki," haka yake ce min. "Yayanki kuwa a dokokin tuƙi, shi ya sa yake son tuƙa kowa."

Rasuwar Mama ce kawai ba ta da littafi, don ya riga ya bar aiki da shekara shida.

Bayan rasuwar ne Yaya ya ce Baba ya dawo gidansa da zama. Yaya ba mugu ba ne, yana dai da son a yi abu yadda ya tsara, kuma gidansa hawa na uku ne a wani dogon gini can ƙarshen gari, inda Baba bai san ko mai gadi ba. A nan kuwa shekara arba'in ya yi. Ya san taku nawa ne daga gadonsa zuwa famfo, ya san muryar kowane maƙwabci. Suka yi ta ja har Baba ya yanke maganar da kansa.

"Ranar da na kasa karanta littafi da idona, ka zo ka ɗauke ni, ba zan yi gardama ba. Kafin nan ka ƙyale ni."

Baba ba ya magana biyu, kowa ya sani. Tun daga nan duk Asabar in mun je gaishe shi, sai ya miƙe ya zaro littafi ɗaya, ya gyara tabarau, ya karanta mana sakin layi guda da babbar murya, ya rufe ya dubi Yaya. Mukan yi dariya. Har suna muka sa wa abin, jarrabawar Asabar. Shekara huɗu bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Ni ce auta, kuma ni ce mai kwalliya. A shagon sayar da kayan ɗaki nake aiki, ni nake shirya ɗakunan nuni, nakan kuma je gidajen mutane in tsara musu falo. Na iya kanta. Na san ba a cika ta maƙil, sai an bar mata wurin shan iska. Ana jera littattafai bisa launi, daga mai duhu zuwa mai haske, a kwantar da uku ko biyar a ɗora musu ɗan tulun fure, a jingina hoto a gefe. Na sha sayo wa masu kuɗi littattafai don launin bangonsu kawai, ba su taɓa tambayata abin da ke ciki ba, ni ma ban taɓa buɗewa ba. Don haka duk lokacin da na shiga falon Baba, kantar nan tana tsokane min ido. Ja kusa da kore, kore kusa da ruwan ƙasa, sun cushe ko yatsa ba ya shiga. Nakan ce, ɗiyar gidan tana gyara gidajen duniya, nasu kuwa kamar sito.

Wata Asabar Yaya ya ɗauki Baba da safe zuwa asibiti a duba masa hawan jini. Ina da makulli. Na zo da tsumma da man goge katako da tulun fure biyu da wata ƙaramar fitila. Kamar yadda na saba a wurin aiki, na fara ɗaukar hoton kantar a waya, don in nuna yadda take da yadda ta koma. Sannan na sauke littattafan gaba ɗaya a ƙasa, ɗari huɗu da wani abu.

Akwai abubuwan da na gani ranar. Na ga babu ƙura a bakin katakon hawa na biyu da na uku, har wurin ya yi santsi saboda shafa. Na ga an liƙa guntayen salatif a gefen katakon, nan ɗaya, can biyu, can uku a jere, kowanne da ɗan ƙullin zare a ƙarƙashinsa. Na ce tsufa ke nan, mutum ya riƙa liƙe-liƙe ba dalili. Na ɗauko wuƙa a kicin na kankare su tas, na bi da mai. Awa biyar na yi. Da na gama na ja da baya, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. Hawa na uku shuɗi ne zalla, a tsaye, daga mai duhu zuwa ruwan sararin sama. Na ɗauki hoto na biyu na sa a shafin shagonmu tun kafin su dawo.

Da la'asar suka shigo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan ɗaga hanci.

"Auta ce? Na ji ƙanshin man katako."

"Ni ce, Baba. Na ɗan gyara maka falo. Ya ka gani?"

Ya juya fuskarsa a hankali daga taga zuwa ƙofa. "Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Na ɗan ji haushi da bai ambaci kantar ba. Yaya kuwa ya yaba, ya ce yanzu ne gidan ya zama na mutane. Ya zauna ya cire takalmi, ya ce cikin raha, "To Baba, likita ya sallame ka, saura tawa. Jarrabawar Asabar."

Baba ya taka zuwa kantar yadda ya saba, bai yi tuntuɓe ba. Ya ɗora yatsunsa a bakin hawa na uku ya ja su dama. Ya tsaya. Ya dawo da su hagu, ya sake ja. Ina kallonsa, ina jira ya ce wani abu game da shuɗin. Sai ya koma farkon layin ya bi bayan littattafan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi, ya zaro na bakwai. Ya riƙe shi ɗan lokaci a tafin hannu kafin ya buɗe. Ya gyara tabarau.

Ya karanta mana yadda ake kusantar amya da hayaƙi, da yadda mai kiwon zuma zai tsaya ta bayan iska, kada ya yi gaggawa, kada ya sa turare. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Inda waƙafi yake ya ɗan tsaya, inda aya take ya sauke numfashi. Littafin da ke hannunsa kuwa lissafin aji biyar ne, bangonsa shuɗi, da hoton agogo da rula ɓaro-ɓaro yana kallonmu.

Ya kai ƙarshen sakin layin ya rufe. Ba wanda ya yi dariya.

"Baba," in ji Yaya a hankali, "wane littafi ne a hannunka?"

Baba ya shafa bangon da babban yatsa, ya nemi gurbin da ya zaro shi ya mayar, ya daidaita shi da na kusa. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. Sannan ya ce, "Ka ba ni mako biyu in sallami maƙwabta."

Ya kamata in ce na yi kuka, ko na faɗi na riƙe ƙafarsa. Ban yi ko ɗaya ba. Ina tsaye da tsumma a hannu, abin da ke raina kawai shi ne tulun furen hawa na biyu ya ɗan karkace. Wayata tana ta ƙara a jaka, mutane suna yaba hoton.

Da muka kai shi wurin likitan ido, ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye jijiyar, kuma ya fi shekara biyu rabon Baba da ganin harafi. Haske da inuwa kawai suka rage masa. Da an zo da wuri, in ji shi, da an tsayar da abin. Yaya ya yi ta faɗa a mota, rabi da Baba rabi da kansa. Matar Yaya ta ce ai alheri na yi, da ban taɓa kantar ba da har yanzu tsoho yana kunna risho a makance. Gaskiya ta faɗa. Na ji maganar kamar da wata ake, ba ni ba.

Ni na zuba littattafan a kwalaye, goma sha ɗaya. Baba yana zaune a kujerarsa yana jin ƙarar salatif. Bai zarge ni ba, da ma ya yi. Sau ɗaya kawai ya yi maganar, ranar ƙarshe, ina ɗaure kwalin ƙarshe.

"Na san ba shi ba ne. Na zuma ya fi shi nauyi, takardarsa ma ta fi kauri. Tun da na ɗaga na sani."

"To me ya sa ka karanta, Baba?"

"Me zan yi? Na ce ko Allah zai sa yayanki yana kallon waya."

Ɗakin da aka ba shi a gidan Yaya mai kyau ne, da banɗaki a ciki da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Ba ya fita. Yakan zauna a bakin gado, rediyo a kusa, hannuwansa a gwiwa. Kwalayen suka yi wata biyu a jingine da bango, ba wanda ya buɗe.

Sai na tuna da hoton farko, wanda na ɗauka don in nuna muninta. Na sa kafinta ya kwance kantar daga tsohon gidan ya kawo. Bangon ɗakin bai kai tsawonta ba, sai da aka lanƙwasa ta a kusurwa. Na ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki. Ina buɗa hoton da yatsu biyu, ina karanta bayan kowane littafi, ina nemo shi a kwali ina sa shi a gurbinsa. A kwana ukun nan na san abin da ke cikin kantar fiye da shekara talatin da na yi ina wuce ta. Har salatif ɗin na mayar, da ƙullin zarensa, nan ɗaya, can biyu, can uku, daidai inda hoton ya nuna. Baba yana zaune yana jin motsina, bai tambayi abin da nake yi ba.

Da na gama na kama hannunsa na kai shi gabanta, na ɗora yatsunsa a bakin hawa na uku. Ya ja su dama, suka sami ƙulli. Ya ƙirga bakwai ya zaro, ya auna shi a tafin hannu.

"Shi ne," ya ce. "Ba kuskure."

A bakin Baba babu yabon da ya kai wannan. Na jira ya buɗe. Bai buɗe ba. Ya mayar da shi gurbinsa ya daidaita, ya laluba ya koma bakin gado ya zauna.

"Baba, ba za ka karanta min ba? Yau Asabar."

"Wa zan karanta wa, Auta? Kowa ya riga ya sani." Ya juya fuskarsa wajen hasken taga. "Ki mayar da ita yadda kika yi a can gida, da furannin da fitilar. Matar yayanki ta ce ta yi kyau ƙwarai. Gara masu ido su mora."

Na ce to. Na shiga kicin na ɗauko wuƙa, na fara da salatif ɗin hawa na uku.