Sistar da Ta Ƙi Rubuta "Ya Faɗi"

Kafin ƙarfe bakwai ta iso ƙaramin asibitin unguwarmu. Za ta rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta jera kayan aiki a kan teburi: abin awon jini, tocila, biro biyu don kada ɗaya ya ba ta kunya, sai kuma tef ɗin awo irin na tela. Shi ya ja mata sunan Sista Mai Tef. Duk ciwon da aka kawo mata sai ta auna tsawonsa da faɗinsa, ta zana shi a kati, sannan ta sa magani. Masu jiran layi su yi ta gunaguni, abokan aikinta su ce ai ɗinki ya kamata ta koya. Ita dai takan ce, "Ciwon zai warke, ni kuma zan manta. Katin ne zai tuna."

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da huɗu. Ba zan ɓoye ba, ni ma ina cikin masu gunagunin, har ranar da abin ya zo kan mahaifina.

Baba ya yi gadin wani shagon kayan gini shekara ashirin da bakwai. Da tsufa ya taɓa masa tunani, sai ya koma zamanin aikinsa. Wata safiya ya sulale daga gida ya nufi shagon, ya hau jijjiga kwaɗunan ƙofa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba don ya tabbatar a kulle suke. Shagon ya daɗe da canza hannu, sabon mai shi bai san Baba ba, ya kira 'yan sanda. Suka tambaye shi sunansa, ya kasa faɗa, suka ɗauka taurin kai ne. Da azahar wani sajan da wani ɗan sanda suka kawo shi asibiti, dattijo mai shekara saba'in da takwas, ko hannu ba ya iya ɗagawa.

Mai sharar asibitin tana wurin, ita ta ba ni labarin yadda aka yi. Sajan ya ce, "Sista, rubuta ya faɗi a matakala mu wuce, muna da aiki."

Ta ce, "To yallaɓai, bari in duba shi tukuna."

Ta juya tafin hannun Baba, ta duba gwiwoyinsa, ta ɗaga rigarsa a hankali tana ce masa, "Sannu Baba, yanzu zan gama." Sannan ta ɗauko tef.

"Yallaɓai, tsohon da ya faɗi da tafin hannu yake tarewa, gwiwa kuma ta kuje. Nasa sumul suke. Amma ga shatar ankwa a wuyan hannu biyu, ga kwancin kulki uku a gadon baya."

Sajan ya ɗaure fuska ya ce, "Ke ma'aikaciyar jinya ce ko alƙali?"

"Ni mai awo ce kawai, yallaɓai."

Ta rubuta abin da ta gani, ta sa hannu, ta sa kwanan wata.

Ke ce kika san abin da ya biyo baya, Sista, don ba ki taɓa ba mu labarinsa da bakinki ba. Shugaban asibiti ya kira ki sau biyu ya ce ki sassauta rubutun, kika ce ba ki iya sake abin da tef ya nuna ba. Ba a yi wata guda ba aka mayar da ke wani asibitin bayan gari, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, ga ciwon ƙafa. Shekara ɗaya da rabi kika yi a can. Na je in ba ki haƙuri, kika tare ni da tambayar ko Baba yana cin abinci.

Da muka kai ƙara gaban kwamitin bincike, sai aka ce ai dattijon ba zai iya ba da shaida ba. Gaskiya ne kuwa. Da aka tambaye shi abin da ya faru, cewa ya yi a bar shi ya je ya duba kwaɗuna. Na sunkuyar da kai, na ɗauka magana ta mutu. Sai aka kira Sista, ta miƙa katin. Aka kawo kulkin ofishin 'yan sandan aka auna faɗinsa, ya zo daidai da faɗin shatar da ta rubuta. Aka kori sajan, aka rage wa na biyun muƙami. Wani babban jami'i da ke kwamitin ya ba da umarni cewa duk tsohon da aka kama a ruɗe, a nemi danginsa da ma'aikacin lafiya kafin a rufe shi. Shi ma Allah Ya saka masa.

Uwar tsofaffi, mai taushin hannu da taurin alƙalami, mun gode. Ba ki yi wa kowa ihu ba, ba ki hau kan teburi kin yi jawabi ba. Aikinki kika yi yadda kika saba yin sa kullum, a ranar da yin sa yake da tsada. Allah Ya ba ki lafiyar ƙafa, Ya sa ki tsufa a hannun masu tausayi.

Ku kuma masu riƙe da biro a asibiti, a ofishin 'yan sanda, a kotu, ku rubuta abin da idonku ya gani. Wani tsohon ba shi da bakin da zai kare kansa sai rubutunku.

Tun daga ranar nan Baba ba ya yarda kowa ya taɓa hannunsa. Ko ni na matso, sai ya cusa su a hammata. Sunana ma ya ɓace masa. Jiya Sista ta biyo ta gidanmu ta gaishe shi. Ya daɗe yana kallonta, ban ga alamar ya gane ta ba. Can sai ya zaro hannunsa na dama, ya ɗora shi a kan tafinta.